Dan Allah ta wace ƙofa ɗan tseren keke yake shiga Olamfik?

Baban Usama (Jidda): Assalamu alaikum ƴan uwa, ina da tambaya kuma da gaske nake. Yaron nan nawa na biyu shekararsa 16, tun yana ƙarami ba abin da ya sani sai keke, yanzu kullum bayan sallar asuba yana Kornish, titin bakin teku, tare da wasu larabawa da ƴan Filifin masu tsere, su da kansu suka ce min yaron yana da ƙafa kar in bari ta lalace. Jiya ya zaunar da ni yace shi Olamfik yake son zuwa. Ni ban san ko ina ake cike fom ɗin ba, to wanda ya sani ya taimaka ya faɗa min ta ina ake farawa.

Abu Yasir (Makka): Wa alaikumus salam, masha Allah, Allah ya raya shi. Ina ganin kamar gudu ne ai, akwai lokacin da suke sakawa, in ka gudu ka cika lokacin shikenan sai su kira ka

Koci Bashir (Riyad): Wa alaikumus salam Alhaji. Abu Yasir ba haka yake a keke ba. Kuma ba fom ake cikewa ba sam. Abu na farko da zaka riƙe, kujerar Olamfik a tseren keke na titi ba ta mutum bace, ta ƙasa ce. Ƴan tseren ƙasa su ke tara maki a gasanni, hukumar keke ta duniya wato UCI da ke Aigle a Suwizalan ta lissafa tace ƙasa kaza kina da kujera huɗu, ke kina da ɗaya, ke baki da ko ɗaya. Bayan nan sai ƙasar ta zaɓi wanda zata ɗora a kujerar. Zai yiwu kai ka sha wahalar tara makin a ba wani

Abu Yasir (Makka): Kai! Wannan ai cin gumin wani ne Koci

Koci Bashir (Riyad): Wani sa'in yana zama haka, amma akwai dalili. Tseren titi ba a auna shi da agogo, yau iska gobe dutse jibi ruwan sama, kilomita 200 a Beljiyam ba ɗaya yake da kilomita 200 a hamada ba, to wane lokaci zaka saka kace kowa ya cika? Kuma hanyar kowane Olamfik daban, in hanyar mai hawa ce ƙasa zata kai mai hawan dutse, in shimfiɗaɗɗiya ce ta kai mai fizgar ƙarshe. Shi yasa aka bar wa ƙasa zaɓin.

Bari in baku yadda aka raba na Olamfik ɗin Faris 2024 don shi na bi sosai. Maza 90 mata 90, karon farko da aka daidaita su, a Tokyo mazan sun kusa ninka matan. Cikin 90 ɗin nan 80 daga jerin ƙasashe na UCI suka fito: ƙasashe biyar na sama kowa huɗu, na 6 zuwa 10 uku uku, na 11 zuwa 20 bibbiyu, na 21 zuwa 45 ɗai ɗai. Ku lissafa zaku ga 80 cif. Sauran goman, biyu na mai masaukin baƙi, biyu daga gasar duniya ta 2023 da aka yi a Glasgow, shida kuma daga gasar nahiya, Afirka biyu Asiya biyu nahiyar Amurka biyu, su kuma ana ba ƙasashen da basu samu ta jerin ba ne. An rufe lissafin makin tun watan Oktoba 2023, tseren kuma sai Agusta 2024, kaga duk wanda ya farka a shekarar Olamfik ɗin ya riga ya makara

Malam Sani (ɗan Kassala, Jidda): Koci Allah ya ƙara ilimi. Amma tsaya, ƙasashe nawa ke Afirka? sun haura hamsin, kujera biyu kacal? Wallahi wannan rabon bai min ba

Koci Bashir (Riyad): Biyu ta ƙofar nahiya Malam, amma wasu suna shiga ta jerin, irinsu Eritiriya da Afirka ta Kudu da Maroko. To amma ban musa maka ba

Malam Sani (ɗan Kassala, Jidda): Ai shi nake faɗa. Mu a Kassala Eritiriya maƙwabtanmu ne, mota kaɗan ka isa iyaka, mun san mutanen nan da ajala wato keke kamar yadda muka san Barazil da ƙwallo. Tun zamanin Italiyawa suka gaji abin, Asmara kuma tana sama da mita 2,300 yaro ya tashi huhunsa ya saba da iska maras kauri. Biniam Girmay a watan Yuli 2024 ya ci matakai uku a Tour de France ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi kowa tara maki, duk shagunan ƴan Habasha da ƴan Eritiriya a nan Jidda sai da aka yi shewa. Sati biyu bayan nan ya je Faris shi kaɗai tilo ba mai tare masa iska ba mai ɗauko masa ruwa, Beljiyam kuwa mutum huɗu, kuma nasu Evenepoel ya cinye. Yaya mutum ɗaya zai yi da huɗu a tafiyar kilomita 273? Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka

Koci Bashir (Riyad): Ka taɓo inda ciwon yake. A jerin maza makin mutum takwas mafi ƙwazo na kowace ƙasa ake haɗawa, tauraro ɗaya komai haskensa ba zai cika ma'aunin takwas ba. Manyan gasannin da ke da maki mai tsoka kuma kusan duk a Turai suke, Faransa, Italiya, Sifen, Beljiyam. Mu namu su ne Tour du Rwanda, Tour du Faso da ƴan kaɗan, makinsu bai kai ko kusa ba. Yaro ɗan Afirka kafin ya je inda makin yake sai ya samu ƙungiya, sai biza, sai kuɗin jirgi, shi kuwa ɗan Beljiyam daga gidan ubansa zai hau jirgin ƙasa ya je tsere ya dawo ya ci abincin dare

Abu Yasir (Makka): To ni dai da zaku ji tawa a bar yaro ya koma ƙwallo. Ga su Usama Hawsawi da Umar Hawsawi sun je kofin duniya a 2018 da rigar Saudiyya, hanya ce da namu suka riga suka share. Keke kuma wa ka taɓa gani?

Baban Usama (Jidda): Abu Yasir na gwada, sau biyu na kai shi filin ƙwallo, zuciyarsa bata can. Yaron da zai tashi ƙarfe huɗu da kansa ba wanda ya tashe shi ya yi alwala ya shirya siyakal ɗinsa, ban ga dalilin da zan karya masa gwiwa ba. Kuma tun da ya kama abin nan ya bar yawon dare, karatunsa ma ya gyaru

Maman Ruƙayya (Madina): Gaskiya ne Alhaji, ku bar shi. Abu Yasir kafin su Usama ɗin ma ai akwai ranar da ba wanda aka taɓa gani

Koci Bashir (Riyad): Alhaji tambaya ɗaya da ta fi duk lissafin da na zuba muhimmanci, kayi haƙuri in tambaya a fili. Jawaz wato fasfo ɗin wace ƙasa yaron yake riƙe da shi?

Baban Usama (Jidda): Na Najeriya ne, kore. A nan aka haife shi, iƙama wato takardar izinin zama gare shi a ƙarƙashina. Najeriya sau ɗaya ya taɓa zuwa yana ɗan shekara biyar, Kano

Koci Bashir (Riyad): To hanyarsa ta Najeriya ce ba ta Saudiyya ba. Dokar Olamfik a fili take, sai kana ɗan ƙasar da zaka wakilta, iƙama bata isa ba ko shekara arba'in kayi. Amma ga wani abu da zai maka daɗi, lasisin tsere hukumar keke ta ƙasar da mutum yake zaune ita ke bayarwa, yani nan ittihad ɗin keke na Saudiyya zai nema, a jikin lasisin kuma a rubuta ƙasarsa Najeriya. Duk makin da ya samu a gasar da UCI ta san da ita Najeriya zai tafi ko da a ina yayi tseren. Kaga ba dole sai ya tattara ya koma ba tun yanzu

Baban Usama (Jidda): Allahu akbar, wannan ban taɓa ji ba. Don bara na kai shi wani nadi wato kulob, mutumin ko kallon yaron bai yi a kan keke ba, yana ganin iƙama yace gasar ta ƴan ƙasa ce. Yaron nan har muka iso gida bai ce uffan ba, ranar abin ya tsaya min a rai ƙwarai

Koci Bashir (Riyad): Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Gasar zakaran ƙasa dama ko ina ta ƴan ƙasa ce, wannan ba a nan kaɗai ba. Amma ba ita kaɗai ce gasa ba, akwai buɗaɗɗu da mazauna ke shiga, kamata yayi ya nuna muku su maimakon ya sallame ku a bakin ƙofa

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Kawu Sani barka da dare, Koci sannu da ƙoƙari. Ni tambayata in yaro ya samu jinsiyyar nan daga baya fa? ko irin mu da muke da ta Sudan amma kakanni daga Sakkwato suke

Koci Bashir (Riyad): In mutum yana da ƙasa biyu zaɓi nasa ne. Amma da zarar ka sa rigar ɗaya a babbar gasa to in zaka canza a ƙa'ida sai shekara uku sun wuce daga ranar ƙarshe da ka wakilci ta farkon, sai dai in ɓangarorin sun yarda a rage. Shi yasa nake cewa iyaye kar a yi gaggawar sa wa yaro riga don murna kawai. Kakanni kuma basa shiga lissafi sai an mayar da su takarda, jawaz suke dubawa

Malam Sani (ɗan Kassala, Jidda): Ɗana mu namu na Sudan yanzu ai sai addu'a. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 wa ke maganar ajala, matasan da nake gani suna fita hanya da sassafe duk sun watse, wasu Masar wasu nan. Allah ya kawo ƙarshen abin

Maman Ruƙayya (Madina): Amin ya Allah

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Amin Kawu. Amma naji akwai tawagar ƴan gudun hijira, ita fa?

Koci Bashir (Riyad): Akwai, tun Rio 2016 aka fara ta. Masomah Ali Zada ƴar Afganistan ta yi tseren keke a cikinta a Tokyo, a Faris ma ita ta jagoranci tawagar gaba ɗaya. Sai dai ba shiga ake don an so ba, sai wanda hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da matsayinsa, kwamitin Olamfik na duniya kuma shi ke zaɓa da kansa, mutum kaɗan ne. Yaron Alhaji bata shafe shi ba, shi yana da ƙasa

Abu Yasir (Makka): To ita Najeriyar tana da kujera ma kuwa? kar a ɗora yaro a kan hanyar da bata ɓullewa

Koci Bashir (Riyad): Tambaya mai kyau. Ta jerin ƙasashe 45 ɗin nan Najeriya bata kusa ba, gaskiya ɗaya ce. Ƙofarta ita ce gasar Afirka, kuma an taɓa shiga ta nan. A Fabrairu 2023 a Akara ta Gana Ese Ukpeseraye ta ci tseren titi na mata na Afirka, da wannan tseren ɗaya Najeriya ta samu kujera a Faris, kuma ita ce ta farko da ta wakilci ƙasar a keke a Olamfik. Rana ɗaya, tsere ɗaya. Abin da yasa ƙofar take da amfani, ƙasashen da suka riga suka samu ta jerin tsallake su ake, ko da ɗan Eritiriya ne ya zo na ɗaya kujerar sai ta gangaro kan ƙasar da bata da ita. Saboda haka ba lallai sai ka doke kowa ba, waɗanda basu da kujera irinka zaka doke

Maman Ruƙayya (Madina): Ita ce wadda aka ce ta ari keke? na ga ana ta yaɗawa lokacin raina ya ɓaci wallahi

Koci Bashir (Riyad): Ita ce Hajiya, amma mutane sun haɗa abu biyu. Keken titi tana da shi. Daga baya ne a ƙurarren lokaci aka ba Najeriya gurbi a tseren cikin fili mai zagaye, belodurom, shi kuma kekensa daban ne ba birki ba canjin giya, sai tawagar Jamus ta ara mata, ita da kanta ta fito tayi musu godiya. Darasin da ni na ɗauka, in wata ƙasa ta bar kujerarta UCI bata barinta a banza, mai bi mata ake miƙa wa, to dole ƙasa ta zauna a shirye

Maman Ruƙayya (Madina): Duk da haka ni dai ya dame ni. Ƙasa kamar Najeriya da ke da belodurom a filin wasa na Abuja tun 2003. Kuma ina son ku lura mace ce ta buɗe ƙofar nan ba namiji ba. Ruƙayya ta tana hawa a cikin unguwa da ƴan uwanta, in na faɗa sai a ce min wai me mace zata yi da keke. Yanzu dai kujera 90 90 ce, kuma kamar yadda na fahimci Koci ta mata ma ta fi kusa da hannunmu

Koci Bashir (Riyad): Kin fahimta daidai Hajiya, ƙasashen Afirka da ke da tawagar mata mai ƙarfi basu da yawa, cunkoson bai kai na maza ba. Kuma kar a raina kujera ɗaya. A Tokyo Ostiriya mace ɗaya ta kai tseren titi, Anna Kiesenhofer, malamar lissafi ce bata ma da babbar ƙungiya, ta ɓalle tun farkon tsere ba wanda ya kamo ta har ta ɗauki zinare, Holan da ke da taurari huɗu sai azurfa suka samu

Malam Sani (ɗan Kassala, Jidda): Wannan sau ɗaya ne a shekara nawa Koci, kar ka wanke musu rabon nan da labari ɗaya. Ni har yanzu ina kan bakana, an yi gasar duniya a Kigali a Satumba 2025 karon farko a Afirka, duniya ta ga yadda mutane suka cika titi, to a ƙara wa nahiyar kujeru mana

Koci Bashir (Riyad): Ban wanke su ba Malam, ni ma da za a tambaye ni zan ce a ƙara. Amma ko an ba mu goma in ba gasanni a gida yaran zasu je ne a cire su kafin rabin hanya, don a tseren Olamfik in an baka rata mai yawa sauke ka ake. Abu biyun sai sun tafi tare

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Koci su masu tsalle tsalle da ƙaramin keke fa, shima Olamfik ne?

Koci Bashir (Riyad): Shima. Kashi biyar ne gaba ɗaya, titi, belodurom, keken dutse, BMX na tsere da BMX na wasan tsalle, kowanne da nasa lissafin. Na dutse a Faris 36 ne maza 36 mata, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya samo tagulla a ciki. Na tsallen 12 12 ne kawai. Amma yaron Alhaji ɗan titi ne mu tsaya a nan kar mu rikita shi

Baban Usama (Jidda): To Koci a taƙaice min kamar ɗan makaranta, gobe me zan yi? Kuma Los Angeles 2028 zai iya?

Koci Bashir (Riyad): Alhaji zan faɗa maka gaskiya don kai ka nema. 2028 ta yi kusa, lokacin yana 19, kuma ana rufe lissafi tun kafin shekarar. Ka sa ido kan Brisbane 2032, lokacin yana 23 ƙarfinsa ya fara cika. Kowane zagaye UCI tana fitar da sabuwar takardar rabo, lambobin Faris da na baku na Faris ne kar a haddace su kamar karatun allo.

Abin yi yanzu, a sama masa nadi mai rajista da lasisi, shekara 17 da 18 ajin matasa ne daga 19 zuwa 22 ajin ƴan ƙasa da 23. Ya shiga duk buɗaɗɗiyar gasa da ya samu, a riƙa ajiye sakamakon a rubuce da kwanan wata da nisa, don hukumar keke ta Najeriya bata san da shi ba kuma ba zata san shi da bidiyon Kornish ba. In hutu ya zo a kai shi gida ya shiga gasar ƙasa ya gwada ƙafa da yaran can, a nan ne masu zaɓe zasu gan shi, daga nan ne ake ɗaukar masu zuwa gasar Afirka, wanda ya haska a can kuma UCI tana da cibiyar horo a Aigle da take ɗaukar yaran ƙananan ƙasashe, Girmay ma ta nan ya bi. Sannan Kornish shimfiɗe yake kamar faranti, yaron da bai san hawa ba ranar da ya haɗu da ƴan Ruwanda zai sha mamaki, lokacin zafi ku kai shi Ɗa'if ko Abha ya koyi dutse. In lokacin tseren AlUla Tour na nan Saudiyya yayi farkon shekara a kai shi ya tsaya bakin hanya ya ga gudun ƙwararru da idonsa

Abu Yasir (Makka): Kuɗi fa? kekunan nan naji wani ya fi kuɗin mota

Koci Bashir (Riyad): Na ƙwararru ne wannan. Ɗan 16 keke na hannu mai kyau daidai tsayinsa ya ishe shi, UCI ma bata yarda keke ya gaza kilo 6.8 ba to ba sai an bi mafi sauƙin nauyi ba. Kuɗin a tafiye tafiye zai tafi, can a tanada. Hular kwano dai kar a saya ta hannu

Abu Yasir (Makka): To shikenan na janye maganar ƙwallo. In za a hau Ɗa'if ku biyo ta Makka, motata tana ɗaukar keke biyu a baya

Malam Sani (ɗan Kassala, Jidda): Alhaji akwai wani ɗan Eritiriya da muke aiki tare, yayi tsere a Asmara yana saurayi, duk juma'a yana fita. Zan masa magana ya duba zaman yaron a kan keke

Baban Usama (Jidda): Jazakumullahu khairan gaba ɗaya, wallahi kun sauke min nauyi. Yanzu na ɗauko jawaz ɗin nasa na duba ashe saura wata huɗu ya ƙare, gobe in sha Allah zan fara zuwa ƙaramin ofishin jakadanci kan sabuntawa. Koci turo min ta gefe irin takardun da ake nema na lasisin. Malam Sani juma'a bayan asuba muna Kornish ta wajen masallacin da ke kan ruwa, ka zo da mutumin naka